Shayi da siyasa: nazari a kan littafin "Fada"

Duk wanda ya ratsa unguwannin Yamai, Damagaram ko Dogon Dutsi bayan sallar isha'i ya san fada: benci a gindin bango, buta bisa gawayi, samari na jiran shayi ya nuna. Wannan zama ne Adeline Masquelier, malama a jami'ar Tulane ta Amurka, ta rubuta wa littafi sukutum mai suna "Fada: Boredom and Belonging in Niger", wanda ya fito a Chicago a 2019. Marubuciyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Arewa, don ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi.

Inda littafin ya fi armashi shi ne bayanin shayi. Manya suna kallon fada a matsayin matattarar zaman kashe wando. Marubuciyar kuwa ta nuna cewa saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, bai iya aure ba, yana amfani da dafuwar shayi zagaye uku ya ba yininsa tsari. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai karo-karo. Ana rubuta sunan fada a bango, wasu na gadin unguwa da dare. Ta saurari samarin da haƙuri, ba ta yi musu wa'azi ba, kuma wannan abin yabo ne.

Sai dai akwai tambayar da littafin ya taɓo bai zurfafa ba: shin tarin ƙananan majalisu da ba su da uwar ƙungiya za su iya sauya al'umma? Tarihi ya ba da abin gwadawa. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya, ya jera ta daga unguwa har zuwa fadar gwamnati. Ta yi gayya, ta gina azuzuwa, ta cika filayen wasannin gargajiya. Amma da yake igiyarta na hannun hukuma, da Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu sai ta dusashe. Fada ta yaɗu a gurbin da ta bari, lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe, darajar sefa ta faɗi da rabi a 1994. Ba mai iya rushe ta da takarda guda, domin ba ta da kai da za a sare. Amma rashin kan nan ne ya sa take da arha. Babin ƙarshe ya nuna yadda ƴan takara ke aiko da kuɗin shayi da sukari lokacin zaɓe, samari kuma na karɓa daga wannan su koma ga wancan. Marubuciyar ta karanta haka a matsayin dabarar marar ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki, amma dabarar da ke ƙarewa ranar ƙidayar ƙuri'a ba ta taɓa rage kuɗin buhun gero ba. A 2005, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, gamayyar ƙungiyoyi masu shugabanni sanannu ce ta rufe birane har gwamnati ta sassauta.

Babban giɓin shi ne mata, waɗanda galibi ta bakin samari ake jin labarinsu. Alhali a yankin Maraɗi ne, a 1991, ƙungiyar CARE ta dasa tsarin Mata Masu Dubara bisa tushen adashe: mata kaɗan, akwati guda, zubi kowane mako, bashi a tsakaninsu. Su ma ba su da hedikwata, amma suna da abin da suke tarawa, har tsarin ya ƙetara zuwa ƙasashe da dama, wasu daga cikinsu kuma suka zama kansiloli. Da an ajiye akwatin nan kusa da butar shayi, da an ga abin da ke raba zumunci da ƙarfi.

Littafin da Ingilishi yake, harshen da kaɗan ne daga masu zaman benci ke karantawa.