Noma da kiwo: ina tiyar awo?

A azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, akwai aikin da malamai ke yawan ba ɗalibai: "Kwatanta noma da kiwo." Aikin yana da kyau. Yadda ake koyar da shi ne bai gamshe ni ba.

Malami yakan ja layi a tsakiyar allo, ya ce a zuba zancen noma a dama, na kiwo a hagu. Sai manomi ya cika gefensa da hatsi da wake da kara, ya bar wa kiwo layi biyu, ɗayan ma ɓarnar shanu ce. Makiyayi shi ma ya rama. Wannan ai kirari ne, kowa na wasa kansa. A ƙasar da ake rigima kan burtali da rijiya, irin wannan rubutu ba ya kashe wuta.

A kasuwa ba a auna hatsin wani da tiya, na wani da ƙwarya. Haka rubutu yake. Kafin ɗalibi ya ɗauki alƙalami, sai ya zaɓi tambayoyi uku ko huɗu, kowace ya yi wa noma, nan take ya yi wa kiwo. Wane wata aiki ya fi tsanani? Yaushe kuɗi ke shigowa? In damana ta ƙi, me ke saura?

Ta ukun nan ita ce mai nauyi gare mu. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984. Shuka ta ƙone, amma gona tana nan. In an samu iri, baɗi a sake. Garken da ya mutu kuwa, sai shekaru kafin ya dawo. Sai dai dabba tana da ƙafa: ana iya kora ta kudu, ko a sayar tun ba ta rame ba. Gona ba ta tashi. Kun ga, tambaya guda ta ba kowanne ƙarfinsa da rauninsa.

Layin allon nan kuma yana ɓoye inda suka haɗu. Dukansu ruwan sama suke jira. Bayan girbi dabba ta ci kara, ta bar taki. Gidaje da yawa ma duka biyun suke yi.

Ya kamata malami ya faɗi wanda ake rubuta wa tun farko. Misali, magidanci ne da jaka hamsin a hannu bayan kaka, yana shawarar ko ya sayi awaki ko ya ƙara gona.