Fim Ɗin Oppenheimer da Iyakar Finafinan Tarihin Rayuwa

Fim ɗin tarihin rayuwa yakan ɗauki mutum guda da ya taɓa zama a duniya, ya bi ta kansa ya nuna zamaninsa. Idan mutumin masanin kimiyya ne aikin yakan yi wuya, domin lissafi da tunani ba sa fitowa a hoto. Shi ya sa masu shirya irin waɗannan finafinai suke karkata ga halin mutumin da iyalinsa da maƙiyansa.

J. Robert Oppenheimer, wanda ya shugabanci cibiyar Los Alamos inda Amurka ta ƙera bam ɗin nukiliya na farko, ya daɗe yana jan hankalin masu fim. Tun 1947 kamfanin MGM ya fitar da The Beginning or the End, wanda ya nemi wanke shawarar jefa bam ɗin, sannan Fat Man and Little Boy ya biyo baya a 1989. Wanda ya fi su amo shi ne Oppenheimer na Christopher Nolan, na 2023, da aka gina kan littafin American Prometheus na Kai Bird da Martin Sherwin. Tsawonsa awa uku ne, kuma ya lashe kyautar Oscar bakwai.

Nolan bai bi labarin daga haihuwa zuwa mutuwa ba. Ya rataya shi a kan zaman bincike biyu: na 1954, inda aka janye wa Oppenheimer izinin sanin sirrin ƙasa, da na majalisar dattawa a 1959, inda aka ƙi tabbatar da abokin gabarsa Lewis Strauss a muƙamin sakataren kasuwanci. Abin da aka gani ta idon Oppenheimer an ɗauke shi da launi, ɓangaren Strauss kuwa baƙi da fari. Dabarar ta yi aiki ƙwarai. Gwajin bam ɗin na farko, wato Trinity, na 16 ga Yuli 1945, wanda mai kallo zai zaci shi ne ƙololuwar fim ɗin, yana zuwa da sauran kusan awa guda, kuma wannan awar ta tafi ne kan yadda gwamnati ta juya wa mutumin da ya yi mata hidima baya.

Kamar sauran 'yan uwansa, fim ɗin ya yi ƙari. Tsoron cewa bam ɗin zai iya kunna wa sararin samaniya wuta, a zahiri wurin masanin kimiyya Arthur Compton ne Oppenheimer ya kai shi; Nolan ya sa Einstein a gurbinsa, don kowa ya san fuskarsa. Irin wannan sauyi bai ɓata ainihin tarihin ba.

Babbar matsalar tana cikin abin da aka bari. Tunda kyamara ba ta rabuwa da jarumin, ba a nuna Hiroshima da Nagasaki, biranen da aka jefa wa bam ɗin, ba, sai firgicin da ke fuskar Cillian Murphy, wanda ya fito a matsayin Oppenheimer. Ba a ga mutanen New Mexico da ƙurar gwajin ta sauka a kansu ba, haka ma 'yan Kwango da suka haƙo yuraniyom a mahaƙar Shinkolobwe, inda aka samo kaso mai yawa na abin da shirin ƙera bam ɗin ya yi amfani da shi. Nolan ya ce da gangan ya tsaya ga abin da Oppenheimer ya gani. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar fasaha, amma sakamakonta shi ne mai kallo ya fita yana tausayin wanda ya ƙera makamin fiye da waɗanda aka jefa wa. Wannan rauni na nau'in fim ɗin ne gaba ɗaya, domin aikin dubban ma'aikata da mutuwar ɗaruruwan dubban mutane sun fi ƙarfin fuska guda. A Japan ba a fara haska fim ɗin ba sai Maris 2024, wata takwas bayan fitowarsa a Amurka, kuma wannan giɓin na cikin abin da aka fi muhawara a kansa a can.