Siyasar Gandhi a Bakin Tsohuwa: Nazarin Littafin Kanthapura na Raja Rao

Daga cikin ƙagaggun labaran da aka rubuta a kan gwagwarmayar Indiya ta neman fita daga hannun Turawan Ingila, da wuya a sami wanda manazarta suka fi yawan komawa gare shi kamar Kanthapura, wanda Raja Rao ya rubuta, aka buga a Landan cikin 1938. An haifi marubucin a 1908 a garin Hassan na ƙasar Maisur, can kudancin Indiya. Harshensa na gado Kannada ne, amma da Ingilishi ya rubuta littafin, yana zaune a Faransa inda ya tafi neman ilmi. Abin da za a duba a nan shi ne yadda ya ɗauki aƙidar siyasa wadda shugabanni suka tsara a birane ya sa ta a bakin wata tsohuwa 'yar ƙauye, da ribar da wannan dabara ta jawo wa littafin, da kuma abin da ta sa ya rasa.

Ƙashin bayan labarin shi ne boren gishiri na 1930. Ran 12 ga Maris na wannan shekara Gandhi ya tashi daga mazauninsa na Sabarmati tare da mutum 78, suka yi tafiyar kimanin mil 240 a ƙasa har zuwa Dandi a bakin teku, inda ran 6 ga Afrilu ya ɗebi gishiri da hannunsa, ya karya dokar da ta ba gwamnati ita kaɗai ikon yin gishiri da sayar da shi. Kafin shekarar ta ƙare an ɗaure fiye da mutum 60,000. Duk wannan ba a ganinsa ido da ido a cikin littafin. Gandhi kansa bai taɓa taka ƙauyen Kanthapura ba. Labarinsa ne kawai yake isowa, ta jarida da ta bakin matafiya, har mutanen gari su fita kogin Himavathy su yi wanka a daidai lokacin da suka ƙiyasta shi ma ya isa teku.

Tauraron labarin wani saurayi ne, Moorthy, ɗan gidan Brahmana, wato ajin malaman addinin Hindu, wanda ya bar karatu a birni ya komo gida da saƙon Gandhi. Ya raba wa mata keken kaɗi don a daina sayen yadin Ingila a koma saƙin gida, wanda suke kira khadi (kamar da ke tsakanin wannan kalma da kaɗi na Hausa dacewa ce kurum, babu dangantakar asali). Ya shiga unguwar waɗanda al'ada ta hana a taɓa su, babban malamin yankin ya yanke shi daga jama'a, baƙin cikin haka ya kashe mahaifiyarsa. Daga nan aka kafa reshen jam'iyyar Kwangires, aka tare ƙofar masu sayar da bammi, aka jawo leburorin gandun gahawa na Bature, aka ƙi biyan haraji. Gwamnati ta amsa da kulki da bindiga, ta yi gwanjon gonaki, gari ya ƙone, waɗanda suka tsira suka yi ƙaura zuwa wani ƙauye, Kashipura.

Jigon bai fi haka ba, kuma da a ce marubucin da bakinsa ya ba da shi, da littafin bai wuce takardar farfaganda ba. Abin da ya cece shi shi ne Achakka, tsohuwar da take ba da labarin. A gabatarwarsa Rao ya bayyana cewa kowane ƙauye a Indiya yana da nasa tarihin baka wanda yake cakuɗa alloli da mutane, kuma wahalar da ta fuskance shi ita ce isar da tunanin mutanensa cikin harshen da ba nasu ba. Maganin da ya samo shi ne ya tanƙwara Ingilishi ya bi numfashin Kannada. Jimlolin Achakka dogaye ne, wata na kama wutsiyar wata, kamar yadda mai tatsuniya a nan yake jera “sai” bayan “sai” har yaran da ke saurare su manta da barci. Ba ta kiran mutum da sunansa tsirara, sai ta haɗa da laƙabin da ke nuna gidansa ko halinsa: wannan na gidan kusurwa ne, waccan kuwa bakinta ba ya tsayawa kamar ruwan da ke kwararowa daga dutse. Turawa ma jajayen mutane take ce musu, abin da Bahaushe mai cewa jar fata ba zai yi mamakinsa ba. Takan yi ratse, ta bar zancen haraji ta shiga na aure ko na gulmar bakin rafi, sa'an nan ta komo.

Mai karatun Hausa zai tuna da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, inda shi ma tsoho ne yake ba da labarin karonsa da Turawa. Amma can jarumi ne guda yake wasa kansa da takobi a hannu. Achakka da “mu” take magana, kuma jaruntakar da take bayarwa ta waɗanda aka doka ce ba su rama ba. Wannan “mu” ita ce babbar nasarar littafin, domin ta ba marubucin damar nuna yadda tsoro yake fita daga zukatan mata sannu a hankali. Da farko suna tambayar abin da mazajensu za su ce idan tuwon dare ya makara saboda taro. Daga baya, ƙarƙashin jagorancin Rangamma da Ratna, waɗanda dukkansu mazansu sun rasu, su ne suke kwanciya a ƙofar rumfar bammi ana zuba musu ruwa da sanda. A nan littafin yana kan tarihi sosai, don kuwa a watan Afrilu na 1930 Gandhi ya ɗora wa mata musamman aikin tare shagunan giya da na yadin waje.

Kalmar da Gandhi ya ba wannan hanya ita ce satyagraha, wadda aka ƙirƙira tun yana Afirka ta Kudu, daga satya, gaskiya, da agraha, riƙo mai tsanani. Masu fassara zuwa Hausa sukan yi saurin cewa haƙuri, alhali kuwa haƙuri yana iya zama na wanda ya zauna ya zuba wa sarautar Allah ido. Mai satyagraha shi ne yake fara tsokanar doka, da rana tsaka, bayan ya sanar da hukuma, sa'an nan ya miƙa wuya ga hukuncin da zai biyo baya. Kafewa a kan gaskiya ya fi kusa da ma'anar. Rao ya fahimci wannan, kuma ya fahimci cewa jama'a ba su cika jure sharaɗin ba. Lokacin da rikici ya ɓarke a ƙofar gandun gahawa, leburori suka far wa ɗan sanda, Moorthy ya ɗauki laifin a kansa ya yi azumin kwana uku. Wannan yana tuna abin da ya faru a Chauri Chaura cikin Fabrairu 1922, inda taron jama'a ya ƙone ofishin 'yan sanda da mutum fiye da 20 a ciki, Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar ƙasa baki ɗaya, abin da ya ɓata wa manyan abokansa rai ƙwarai. Sai dai Rao ya yi wa tauraronsa sauƙi a wannan wuri. Azumin ya ƙare da annuri da natsuwar zuci, wanda ya biya kuɗin rikicin kuwa shi ne Rachanna, leburan da aka kora daga gandun da iyalinsa.

Inda dabarar ta fara jawo hasara shi ne wajen addini. Tun da yake Achakka ba ta san siyasa ba sai ta hanyar labaran alloli, dole kome ya bi ta wannan ƙofa. Mai wa'azin waƙa da Moorthy ya gayyato, Jayaramachar, ya mai da Gandhi wani abin bauta da ya sauko don ya kashe macijin mulkin baƙi, aka kuwa kama shi saboda haka. A ƙarshen littafin, tafiyar Gandhi Landan ta zama tafiyar Rama don ƙwato matarsa Sita daga hannun Ravana. Babu shakka haka talakawa da yawa suka ɗauki al'amarin. Masanin tarihi Shahid Amin ya nuna a wani nazari na 1984 yadda manoman Gorakhpur suka riƙa yaɗa labaran karamomin Gandhi a 1921, har suna aikata abubuwa da sunansa waɗanda shi bai yarda da su ba. Saboda haka ba a zargin Rao da ƙarya. Abin zargi shi ne bai bar wata taga a littafin ba wadda mai karatu zai leƙa ya ga wanda wannan harshe ya bari a waje.

Musulmin da ya fi fitowa fili a labarin shi ne Bade Khan, ɗan sandan da gwamnati ta turo, wanda ba wanda ya yarda ya ba shi masauki a gari har sai da Baturen gandu ya ba shi bukka. Shi ne fuskar zalunci tun daga farko. Ana ambaton haɗin kan Hindu da Musulmi a matsayin ɗaya daga cikin shika-shikan 'yanci, amma a baki ya tsaya. Alhali a cikin wannan shekara ta 1930, ran 23 ga Afrilu, sojoji suka buɗe wuta a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar (ma'anar sunan ita ce kasuwar masu ba da labari) a kan jama'ar da ba ta riƙe da makami, bayan kama Abdul Ghaffar Khan, wanda ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar ta Patanawa a 1929, ya kuma gina ƙin ramuwa a kan haƙurin Musulmin farko a Makka. Wasu sojojin Garhwal, waɗanda Hindu ne, suka ƙi bin umurnin harbi, aka ɗaure su. Ana iya kare Rao da cewa ƙauye guda na kudu yake sifantawa, kuma tsohuwa irin Achakka ba za ta ga abin da ya wuce haka ba. Uzurin yana da ƙarfi, amma shi ya zaɓi tsohuwar. Wanda ya karanta littafin bayan raba ƙasar a 1947 ba zai kasa lura ba cewa harshen da ya tara mutanen Kanthapura wuri guda shi ne irin wanda ya sa Musulmi da yawa suka ji Kwangires ba gidansu ba ce, duk da bayanin da Gandhi ya sha yi cewa mulkin Rama a wurinsa mulkin adalci ne kawai.

Game da waɗanda ba a taɓawa, waɗanda yau suke kiran kansu Dalit, marubucin ya fi yin gaskiya, kuma nan ne amfanin tsohuwar ya sake bayyana. Tana iya lissafa gidajen unguwar Brahmana ɗaya bayan ɗaya, su 24, amma da ta zo kan bukkokin ƙasƙantattu sai ta koma kintace, don ba ta taɓa shiga ba. Moorthy kansa, ranar da ya fara tsallaka ƙofar gidan Rachanna aka miƙo masa madara, jikinsa rawa yake yi, ya kurɓa da ƙyar, da ya koma gida kuma sai da ya yi tsarki. Wannan shi ne wuri mafi kyau a littafin duka, domin ya nuna aƙida ta riga jiki isa. Amma a nan ma daga idon Brahmana ake kallon abin. Ba a ji yadda matar da ta miƙa madarar ta ga rawar hannun baƙonta ba. Ga shi kuwa shekaru uku kafin boren gishiri, a 1927, Ambedkar ya jagoranci dubban mutanensa zuwa tafkin Mahad don su sha ruwan da aka hana su, ba su jira ɗan wani babban gida ya zo ya ɗaga su ba. Saɓaninsa da Gandhi a kan kujerun zaɓe, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Puna a watan Satumba 1932, ya riga fitowar littafin da shekara shida, amma babu inuwarsa a ciki.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki Kanthapura a matsayin waƙar yabon Gandhi, kamar yadda wasu masu koyar da shi suke yi. Shafuffukan ƙarshe sun rushe wannan fahimta. Ran 5 ga Maris 1931 Gandhi ya yi sulhu da Irwin, wakilin Sarkin Ingila a Indiya: aka saki fursunonin da ba su yi tashin hankali ba, aka bar mazauna bakin teku su yi gishirin amfaninsu, amma gonakin da aka riga aka sayar wa wasu ba a mayar wa masu su ba. Mutanen Kanthapura suna cikin wannan kashi na ƙarshe. Moorthy ya fito daga kurkuku bai komo gare su ba. Wasiƙa ya aiko wa Ratna, yana mai cewa har yanzu yana girmama Gandhi, amma Turawa sun san yadda za su yaudare shi, kuma muddin akwai masu gandu da masu hannu da shuni, to, za a ci gaba da samun leburori ko da baƙi sun tafi. Saboda haka ya karkata wajen Nehru da masu neman a raba arziki daidai. Achakka ta maimaita abin da wasiƙar ta ƙunsa ba tare da ta gane nauyinsa ba, ta koma kan labarin Rama da Sita. Mai karatu ne aka bar wa gane tazarar da ke tsakanin maganganun biyu, kuma wannan ne karo ɗaya da Rao ya buɗe irin tagar da ya rufe wa Bade Khan da matar Rachanna. Range Gowda, mai garin da, shi kaɗai ya koma ya duba kufai, ya tarar baƙi daga Bombai suna gina gidaje a kan gonakin da aka yi gwanjo, ya tofa yawu, ya juyo.