Ƙahon Albarushi da Sassaƙar Matoshinsa

Ƙahon albarushi mazubi ne da ake yi da ƙahon sa ko na saniya, wanda mai bindiga kan rataya a kafaɗa domin adana albarushi. Ya yi tashe ne a zamanin bindigogin da ake ɗurawa ta baki, dangin adakar da mafarautan ƙasar Hausa suka sani. An yi amfani da shi a Turai da wasu sassan duniya, amma a Arewacin Amurka ne sana'ar ta bunƙasa har ta samu salo nata, musamman daga yaƙin da Ingila da Faransa suka gwabza a can tsakanin 1754 da 1763, zuwa yaƙin neman 'yancin Amurka na 1775 zuwa 1783.

Dalilin zaɓen ƙaho a fili yake. Albarushi na da maƙiya biyu, damshi da tartsatsi, ƙaho kuwa ruwa ba ya ratsa shi, kuma ko ya bugi dutse ko ƙarfe ba ya fid da wuta. Ba shi da nauyi, ga araha a duk inda ake yanka, kuma lanƙwasarsa na kwanciya daidai a kwiɓin mutum. Idan aka kankare shi ya yi shara-shara, mai shi kan ɗaga shi ga haske ya ga inda albarushin ya tsaya.

Aikin yana farawa da raba ƙahon da ƙashin da ke cikinsa, ko dai a tafasa shi har ƙashin ya saki, ko a bar shi ya ruɓe ya zare da kansa. Daga nan sai a daidaita gindin da zarto. Tsinin ƙaho a cushe yake, don haka maƙerin kan zura waya ta ciki har ta tokare, ya auna tsawonta ta waje, ya san inda kogon ya ƙare. Sai ya yanke tsinin, ya huda shi har hudar ta tarar da kogon. Nan ne ƙaho da yawa ke lalacewa, domin abin huda miƙaƙƙe ne, ƙaho kuwa a karkace yake, in hannu ya kauce kaɗan sai hudar ta ɓullo ta gefe. Bayan haka ake gyara wuyan da magagari, a bar wani zobe mai tudu inda za a ɗaure maratayi, a sassaƙa ɗan ƙaramin matoshin baki.

Babban gwajin gwaninta yana wajen toshe gindi. Gindin ƙaho ba kasafai yake zuwa da cikakkiyar da'ira ba, yakan zo a ɗan matse ko a karkace. A nan maƙera suka kasu gida biyu. Soja a sansani ko manomi a gida yakan bar ƙahon yadda Allah ya yi shi, ya ɗora gindin a kan allon itace mai laushi, ya zana da'irarsa, ya feƙe itacen da wuƙa har ya shiga. Irin wannan matoshi yakan fito a shafe ko da ɗan tudu, ba ado. Masu shago kuwa, irin waɗanda suka yi suna a yankunan York da Lancaster na jihar Fensilbaniya, akasin haka suke yi: ƙahon suke tilasta wa bin itacen. Sukan tsoma gindin a tafasasshen ruwa ko mai mai zafi har ya yi laushi, su cusa masa wani dunƙulen itace mai tsini, su bar shi ya huce a haka. In ya huce ya riƙe da'irar ke nan. Mai ya fi ruwa zafi, shi ya sa ya fi saurin lausasa ƙaho, amma in aka bar shi ya daɗe sai ƙahon ya ƙone ya yi gautsi.

Matoshin masu shago a kan injin juya itace ake fitar da shi. A wancan zamani da ƙafa ake tuƙa injin: igiya ce ke naɗe da itacen, kanta ɗaya a jikin wata sanda mai lanƙwasa a sama, ɗayan a jikin mataki a ƙasa. In aka taka sai itacen ya juyo, masassaƙi ya kanga masa ƙarfe mai kaifi, in aka saki sai ya koma. Ana zaɓen itace mai ƙarfi wanda ya bushe sarai, domin ɗanye yakan motse daga baya ya bar kafa. Ɓangaren da zai shiga cikin ƙahon ana ɗan tsuke shi ta gaba, sannan a riƙa gwadawa ana ragewa. Wasu kan shafa baƙin tukunya a cikin bakin ƙahon, su zura matoshin su zaro, duk inda baƙin ya kama itacen nan ne ke tokarewa, sai a kankare wurin. Sau da yawa ana rarake cikin matoshin don a rage nauyi a kuma ƙara wa albarushi wuri. Ta waje kuma ake fitar da ado, tudu-tudu da zobba, da ɗan ƙulli a tsakiya ko ƙaramin ƙarfe lanƙwasasshe na ɗaura maratayi.

Idan matoshin ya zauna sai a shafe mahaɗar da kakin zuma, a kafe shi da 'yan ƙusoshin itace, ko ƙaya, ko ƙananan ƙusoshin tagulla. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: maƙerin ya sa baki ya busa ta tsinin. In iska ta fita ta wani wuri, damshi ma zai shiga ta nan.

Zane ne ke zuwa a ƙarshe. Ana goge jikin ƙahon ya yi sumul, a tsaga shi da tsinin wuƙa, a cuɗa kunkunniya da maiƙo a cikin tsagar don zanen ya fito. Yawanci akan rubuta sunan mai shi, da shekara, da sunan sansani, saboda in aka tattara ƙahonin rundunar domin a cika su daga ganga, kowa ya gane nasa. Wasu na ɗauke da taswirar kogunan Hudson da Mohawk tare da garuruwa da ganuwowin da ke kan hanyar Kanada. Cikin masu zanen da aka san sunansu akwai John Bush, baƙar fata daga Massachusetts, wanda ya yi aiki a yankin tafkin George wajen 1755 da 1756, da kuma iyalin Tansel na Kentucky da Indiana a farkon ƙarni na 19.

Mazuban ƙarfe da masana'antu ke bugawa sun fara ture ƙaho a ƙarni na 19, sannan harsashi mai ƙunshe da albarushinsa ya gama da shi daga shekarun 1860. A yau masu harbi da tsofaffin bindigogi da masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi ne ke riƙe da sana'ar, masu tara kayan tarihi kuma sukan duba siffar matoshi da ta wuya don gane yankin da tsohon ƙaho ya fito, ko da babu rubutu a jikinsa.