Karatun Sawu a Fadamar Guri

Ranar 22 ga Yulin 2021 jiragen yaƙi shida ƙirar Super Tucano suka sauka a Kano, rukunin farko cikin goma sha biyu da Najeriya ta saya daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500. Kafin su, tankokin VT-4 sun iso daga Sin a watan Afrilun 2020. A shekarar da Tucano suka zo an karɓi jiragen JF-17 guda uku daga Pakistan, daga baya kuma Turkiyya ta turo marasa matuƙa ƙirar Bayraktar da masu saukar ungulu ƙirar T129. Duk mai jin labaran asuba a rediyo ya haddace waɗannan sunaye ko da bai taɓa ganin ɗaya ba. Yaƙin Boko Haram da ya ɓarke a Yulin 2009 kuwa har yau bai ƙare ba. Mu mutanen ƙasar Hadejia mun san ƙarfin makamin waje tun ranar 25 ga Afrilun 1906, da bindiga mai ruwa ta Turawa ta gamu da dawakin Sarki Muhammadu Mai Shahada, saboda haka ba ni ne zan raina jirgi ko tanka ba.

Sai dai kowane makami, komai tsadarsa, jiran amsa yake: ina suka bi, su nawa ne, yaushe suka wuce? Akwai masu ba da wannan amsa da ido da haƙuri kawai, kuma ban san makarantar da ta fi fadamar Guri dacewa da koyon wannan karatu ba.

Guri tana ƙuryar arewa maso gabashin Jigawa, kafaɗa da kafaɗa da Yobe. Kogin Hadejia in ya baro birni sai ya rarrabu, wani hannun ya bi ta Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya ɓace cikin kacala. Ƙasar iri biyu ce a haɗe: tudun jigawa mai rairayi, da kwarin fadama mai taɓo. Cikin tafiyar rabin sa'a mutum zai taka yashi, ya taka laka, ya taka fako mai tauri, ya tsallake ruwa. Iskar dare da raɓa suna wanke allon, gari na wayewa sai a tarar da sabon rubutu: shanun Fulani, jakunan masu itace, masunta da suka yi sammako, dila da gafiya da guza, ga kuma tayoyin babura. Yaron da ya tashi a Kadira ko Musari ko Abunabo yana ganin wannan rubutu kullum. Kaɗan ne ke iya haɗa baƙi.

Abu na farko da gwani ke kiyayewa shi ne rana. Da sassafe zuwa hantsi, ko daga la'asar sakaliya, haske na zuwa a kaikaice, kowane ɗan rami sai ya yi inuwa. Da tsakar rana ƙasa ta zama fari fat, sawu ya ɓuya ko da yana gaban hancinka. Shi ya sa za ka ga maharbi ya zagaya ya sa sawun tsakaninsa da rana, ya ɗan tsuguna, ya karkata kai. Ba ya taka sawun, gefe yake bi, don in karatu ya rikice masa ya samu inda zai koma.

Sanin na wane ne ba shi ne wahala ba. Wahalar tana wurin sanin kwanansa, a nan ne ake rabe gwani da ɗan koyo. Sabon sawu bakinsa kaifi gare shi, ƙasar cikinsa ta fi ta waje duhu. Iska na kaɗawa bakin na zubewa, a hunturu cikin sa'o'i kaɗan, a taɓo kuwa sai ya kwana biyu yana nan kamar yanzu aka ɗaga ƙafa. Don haka ba sawun kaɗai ake tambaya ba, har da abin da ya biyo bayansa. In raɓa ta ɗiga a ciki, kafin asuba aka wuce. In layin tururuwa ya ratsa ta kai bai yanke ba, an jima. In ƙadangare ya ja wutsiya a kansa, to an wuce tun kafin rana ta yi zafi. Ciyawar da aka taka tana miƙewa a hankali, karyayyen reshen sabara yana canja launi, kashin shanu yana yin ɓawo a sama kafin buzuzu ya huda shi. Gwani yana tara waɗannan shaidu uku ko huɗu, sai sun yi baki ɗaya sannan ya buɗe nasa.

Daga nan sai halin mai tafiyar. Mai kaya takunsa gajere ne, dugadugansa na nitsewa, kuma inda ya huta za a ga shatin abin da ya sauke. Mai gudu yatsu yake kafawa yana watsa ƙasa baya. Wanda ya yi tafiyar dare yana afka wa ƙarangiya da ƙaya waɗanda mai tafiyar rana zai kauce musu. Baƙo yakan bi hanyar da ta fi bayyana, ɗan gari kuwa ya san mashigi, ya san inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Babur ma ba ya tsira. Kowace taya da zanenta da inda ta ci, ta baya tana hawa kan ta gaba sai a kwana suke rabuwa, kuma zurfinta a yashi yana faɗin ko goyon mutum ɗaya ne ko biyu.

Ɓarawo ya san ana karanta shi, don haka shi ma yana da nasa dabarun: ya ja reshen ƙaya a baya, ya bi cikin garke, ya yi tafiya da baya, ya faɗa ruwa. Reshen da aka ja kansa sawu ne. Mai tafiya da baya yana tura ƙasa inda bai kamata ba. Ruwa ne babban abokin gaba, to amma ɗan fadama ya san wanda ya shiga ruwa dole ya fita, sai ya bar wurin ya bi gaɓa yana duban inda laka ta goge a jikin ciyawa, ko inda kacala ta kwanta gefe guda. Har tsuntsaye yana saurare, domin kirinjijiya ba ta tashi a garke haka kawai, zakaran ƙeƙuwa kuma ba ya rufa wa kowa asiri.

Na taɓa ganin aikin da idona wata kaka, a wani ƙauye da ke bakin fadama. An wayi gari shanu sun cinye gonar wake, samari sun fito da gora da adda, kowa na nuna wata ruga da ake hangowa. Duk wanda ya san Guri da maƙwabciyarta Kirikasamma ya san inda irin wannan safiya take kaiwa. Sai ga wani dattijo maharbi, rigarsa duk faci, ya ce, "Ku tsaya daga nan, 'ya'yana, kada wanda ya taka mini ƙasa." Ya yi kusan rabin sa'a yana kewaya gonar shi kaɗai. Da ya dawo mai gonar ya ce, "Baba, ai ba sai an duba ba, ga su can." Dattijo ya ce, "Malam, shanun can yamma suka yi jiya, sawunsu na nan da raɓa a kai. Waɗanda suka ci maka wake daga gabas suka shigo, can suka koma, akwai mai jan ƙafar baya ta hagu a cikinsu, kuma yaro ne ke kora su, takalminsa na taya." Aka bi, aka samu garken a inda ya ce, da saniyar mai ɗingishi. Dagaci ya yanke diyya, aka biya. Mutanen rugar farko sun kusa taka sawun ɓarawo suna barci.

Wannan ilimin ne ya tsinci kansa a fagen fama. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, ɗaruruwan mafarauta suka taru a Maiduguri suna neman a ba su izinin shiga daji. A ƙarshen Oktoban shekarar Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, a tsakiyar Nuwamba kuma aka ƙwato ta, mafarauta da 'yan banga suna tare da soja. A wannan yanayi ne sunan Aisha Bakari Gombi ya fito, wadda ta koyi farauta tun tana yarinya har ta jagoranci maza zuwa daji. A 2019 gwamnatin Borno ta Babagana Zulum ta gayyato mafarauta daga jihohin Arewa daban-daban. Sojan da aka turo daga nesa yana da taswira da na'ura, amma dajin Sambisa bai san shi ba. Maharbi ya san inda ruwa ke kwana a bazara, kuma duk mai ɓuya sai ya sha ruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su kansu baƙin da aka ɗauko haya. A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga Isra'ila, gwamnati ta shiga neman mafita, har a farkon 2015 aka kawo kamfanin STTEP na Eeben Barlow, tsohon sojan Afirka ta Kudu. Da Barlow ya zo bayyana salon yaƙin da suka koyar, na bin abokin gaba ba tare da ba shi numfashi ba, sai ga shi yana jingina shi a kan masu bin sawu, waɗanda za su faɗi kwanan sawu, da nauyin kayan da aka ɗauka, da ko ana sauri. Da dattijon can na bakin fadama zai ji wannan, dariya zai yi.

Yanzu da bama-baman da ake binnewa a hanya suke cin rayuka a Borno da Yobe, idon da ya saba ganin inda gafiya ta yi tono ya ƙara daraja. Ƙasar da aka haƙa aka mayar ba ta komawa launinta, kuma hanyar da kullum ake bi in aka ga babu sawun kowa a kanta yau, wannan shirun ma magana ce. Daga sama kuwa taro taro ne. A Rann, ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, fiye da mutum 100 suka rasu. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamban 2023, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi, aka ƙirga gawa aƙalla 85. Na'urar ta ga mutane, gaskiya ne. Ko akwai ƙananan takalman yara a cikin sawun da ya kai su wurin, wannan sai wanda ya tsuguna.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Adakar maharbi ba ta iya karawa da bindigar kakkaɓo jirgi da aka girke a bayan mota, kuma mafarauta da yawa sun kwanta dama a wannan yaƙi. Batun layu da guraye da ake yawan ɗaukar hotonsu, ni dai ban ga abin da suka tsare ba in an haɗa da abin da ido ya tsare, ko da yake na san masu su ba za su yarda da ni ba. Mai bin sawu kuma yana iya kuskure, yana iya son zuciya. Alamar na ƙwarai ita ce in sawu ya shiga fako ko ya gauraye da na kasuwa, zai miƙe ya ce ya ɓace masa, ba zai nuna gidan kowa don a ce ya iya ba.

Ruwan da ke wuce mu yana haɗuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Damasak har ya kai tafkin Cadi wajen Malam Fatori, inda mayaƙan ISWAP suka yi sansani a tsibirai cikin ciyayin ruwa da taɓo irin namu. Na tambayi dattijon nan maharbi yadda ake koya wa yaro karatun sawu. Ya ce ba da sawun dabba ake farawa ba. Da asuba yakan kai jikansa bakin fadama, ya sa shi ya taka yashi sau ɗaya, ya taka laka sau ɗaya, ya kewaye wurin da ƙaya. Sai yaron ya dawo da hantsi ya duba, ya dawo da azahar, ya dawo da almuru, ya dawo washegari, har kwana bakwai. In an gama na kaka sai a jira hunturu a sake, sannan bazara, sannan damina.