Kafin Ka Zargi Na'urar, Duba Tiyon

Wata safiya cikin hunturu na dawo daga sallar asuba, ina shiga falo ƙafata ta taka ruwa. Jarkar lita 20 da na cika da ruwan tace kwana biyu da suka wuce ta zama fanko, ruwan ya shige tankin kifina ya yi ambaliya har ƙarƙashin kujeru. Na'urar da ke ƙara wa tankin ruwa da kanta kuwa fitilarta na nan a kunne, ba ƙara, ba alamar matsala. Wani abokina da muke kiwon kifin ado tare ya zo ya gani, ya ce, "Malam, jefar da ita kawai, ta lalace. Akwai sabuwa mai aiko da saƙo ta waya." Ban jefar ba, kuma har yau ita nake amfani da ita, domin lafiyarta ƙalau. Laifin na bakin tiyo ne.

Wannan shawara ta abokina ita ce yayin da nake gani yana ƙaruwa tsakanin masu kiwon kifin ado a tankin gilashi. Kowane aiki yanzu da na'urarsa: ta ciyarwa, ta haske, ta auna zafi, ta ƙarin ruwa. In ɗaya ta ba da matsala, sai a sayo wadda ta fi ta tsada. Ni ina goyon bayan na'urar ƙarin ruwa ƙwarai. Abin da nake ƙi shi ne a saye ta da niyyar a daina leƙa tanki.

Amfaninta a fili yake, musamman ga mai kifin ruwan gishiri. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Idan ruwa ya tashi a tururi, gishirin ba ya bin sa. Tanki mai lita 100 in ya rasa lita 5, gishirinsa zai hau zuwa kusan giram 37. Mai gida ya dawo ya zuba lita 5 a lokaci ɗaya, ya sake faɗuwa. Wannan hawa da sauka na wahalar da kifi, ya fi wahalar da murjani mai rai. A hunturu, da iska ke bushewa, tanki na shan ruwa fiye da lokacin damina. Na'urar da ke ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan duk yini ta fi hannun kowa daidaito. Amma dubi ɓarnarta in ta saki: lita 20 ɗin nan tawa ta sauke gishirin daga 35 zuwa wajen 29 a dare guda.

Abin da ya faru da ni duk wanda ya taɓa ganin ana zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san shi. Da zarar ruwa ya fara bin tiyo, kuma bakin da yake fita ya fi saman ruwan jarka ƙasa, to zai ci gaba da kwarara ko an kashe famfo. Na ɗora jarkar a kan benci, bakin tiyon kuma ya zame ya faɗa cikin ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙasa. Na'urar ta kashe famfonta a kan lokaci, ruwa bai tsaya ba. Maganin bai ci ko kwabo ba: na sauke jarkar ƙasa, na ɗaure bakin tiyon sama da ita, a waje da ruwa.

Shi ya sa nake cewa mai neman matsala ya fara daga inda ruwa yake, ya ƙare a akwatin lantarki. In ruwa na zuba ba tsayawa, bayan tiyo sai a duba abin da ke jin tsayin ruwan. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai ɗan ƙwallo mai iyo, ɗan'uwan wanda ke cikin tankin ban-ɗaki, sai dai shi maganaɗisu ne a cikinsa da ke kunna makunni idan ya sauka. Dodon koɗi ɗaya in ya hau kansa zai danne shi ƙasa, na'urar ta ɗauka ruwa ya ragu. Gishirin da ya bushe a jikin sandarsa ma kan maƙale shi. Akwai kuma idon lantarki mai aiki da haske, wanda kumfa in ta manne masa sai ya ɗauka yana cikin iska, gansakuka kuma ta rufe masa gani. Jiƙa su cikin ruwan khal, a goge da tsohon buroshin haƙori sau ɗaya a wata, yana kawar da yawancin wannan.

In kuma ruwa ne ba ya zuwa, a fara leƙa jarkar, domin sau da yawa ita ce ta ƙare. Sai a duba ko tiyo ya lanƙwashe, ko iska ta shiga famfo, ko farin ɓawo ya cushe farfelarsa. Ɗauke wuta ma na da nasa tasirin. In famfon da ke mayar da ruwa sama ya tsaya, ruwa na gangarowa ƙaramin tankin ƙasa ya hau, idan wuta ta dawo ya sake sauka. Wanda ya zo a tsakiyar wannan zai ga ƙararrawa na kuka ya zaci na'ura ta rikice, alhali minti kaɗan take buƙata ruwan ya daidaita.

Masu ƙera na'urorin nan su ma sun san abin jin ruwa guda ɗaya bai isa a dogara da shi ba. Osmolator 3155 na kamfanin Tunze na Jamus ya haɗa idon lantarki da ƙwallon iyo a samansa don ko-ta-kwana, kuma yana kashe famfo in ya yi minti 10 yana aiki a jere. Wannan tsari ne mai kyau. Amma ko shi ba zai iya hana ruwa bin tiyon da aka ajiye ba daidai ba, kuma ba zai san abin da ka zuba a jarka ba. In ruwan burtsatse mai ma'adinai ka cika ta da shi, ruwan zai tashi, ma'adinan su yi ta taruwa a tankin wata bayan wata.

Na ji hujjar masu cewa ai don tafiya aka yi na'urar, mutum ya yi mako ba ya gida. Gaskiya ne, kuma ni ma ina tafiya. Abin da na koya shi ne kada jarkar ta wuce abin da tankin zai iya haɗiyewa gaba ɗaya ba tare da kifi sun mutu ba. Yanzu lita 5 nake sawa, in zan yi nisa na bar wa ƙanena ruwan tace a gefe ya riƙa cika ta.

Na kuma manna ɗan salatif a jikin gilashin, daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Kowace safiya kafin in ba kifi abinci nakan dubi layin, in ɗaga jarkar in ji nauyinta, in taɓa ƙwallon da yatsa in ji ƙarar makunninsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma sau biyu ya nuna mini matsala tun ruwa bai taɓa tabarma ba. Rayukan da ke cikin gilashin nan ni na rabo su da teku na kawo su falona, ni kuma za a tambaya a kansu.