Jinjina ga Jajojin 'Yan Taru

Tun kafin a san aji da allon bango a ƙasar Sakkwato, mata suna koyar da tarihi a cikin gidajensu, kuma waƙa ce littafinsu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara wannan aiki da ake kira 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai natsuwa ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ta tura ta ƙauyuka da waƙoƙin da ta haddace.

Dubi Waƙar Gewaye, ɗaya daga cikin waƙoƙin nan. Yarinyar da ta riƙe ta ta san hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta san yaƙin Tabkin Kwatto, ta san Alkalawa da aka ci a 1808. Sunayen garuruwan suna zuwa a jere kamar zangon fatake, taswira ta zauna mata a ka tana daka ko tana kaɗi. Gwanintar jaji ita ce sanin waƙar da ta dace da amarya da wadda za a rera wa mai takaba.

Maza kuwa a zaure suke buɗe Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda hubbarensa ke Wurno. Da bayanin ƙasashe ya fara, su Barno da Ahir, sannan ya shiga labarin jihadi.

Iyayen Rabah da Goronyo masu neman abin koya wa yara a gida, ga shi a hannunsu. A karanta labarin jihadin, sannan a fita da yaro bakin gulbin Rima a nuna masa hanyar Alkalawa.